Yadda Ake Haɗa Tallan Talabijin na Daƙiƙa Talatin

Duk wanda ya fara wannan aiki, abin da yake fara tambaya shi ne wace kyamara zai saya. Kyamara ba ita ce matsalar ba. Tallan da ya lalace, yawanci tun a kan takarda ya lalace, ko kuma a wajen ɗaukar sauti. Daƙiƙa talatin ba ta da filin kame-kame, dole ka san abin da za ka faɗa da abin da za ka nuna kafin ka fita da kaya. Domin bayanin ya zauna, zan riƙe misali guda har ƙarshe: wani mai injin casar shinkafa a Kura yana son a tallata masa shinkafarsa 'yar gida.

Kayan da za ka tanada

Kyamarar da ke ɗaukar hoto mai girman 1920 da 1080, kuma take barinka ka saita komai da hannunka. Idan babu, wayar hannu mai kyau ta isa, muddin ka sa mata manhaja irin Blackmagic Camera, wadda kyauta ce kuma tana ba ka ikon saita haske da gudun hoto. Sai ƙafar kyamara mai ƙafa uku. Wannan ba a yin sakaci da ita, domin hoto mai rawa shi ne abu na farko da ke tona asirin sabon hannu. Makirufo iri biyu ake amfani da su: ƙarami na maƙalawa a wuyan riga, da dogo wanda ake ɗaurawa a kan sanda a miƙa saman kan mai magana, wanda 'yan fim ke kira bum. Ko ɗaya ka samu ya yi. Ka haɗa da abin sauraro mai rufe kunne gaba ɗaya.

Fitila biyu ko uku na LED masu batir, da faifan mayar da haske. Idan ba ka da faifan, farin kwali babba ko farin zanen gado yana yin aikin. Batira na ƙari, katin ajiya biyu, filasta, hoda da tsumma mai laushi na goge gilashin kyamara, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Daga ƙarshe kwamfuta mai manhajar tace hoto: Adobe Premiere Pro, ko DaVinci Resolve da ke da nau'in kyauta. CapCut ma tana fitar da mutum kunya idan aikin bai da sarƙaƙiya.

Mutane kuma: darakta, mai ɗaukar hoto, mai kula da sauti. Mutum ɗaya yana iya haɗa na farko da na biyu, amma kada wanda ke kallon hoto ya zama shi ne ke sauraron sauti.

1. Zama da mai kaya

Ka je wurinsa, ka ga kayan da idonka, ka tambaye shi: wa kake so ya saya, kuma me ya sa zai bar ta wani ya ɗauki taka? Zai jero maka abubuwa goma. Shinkafarsa fara ce, tana da auki, tana da araha, ana kaiwa har gida, ya shekara da shekaru yana sana'ar, ga rassa a Dawanau da kasuwar Singa. Aikinka shi ne ka sa ya zaɓi guda. A misalinmu, abin da ya fi damun uwargida game da shinkafar gida shi ne tsakuwa. To saƙon tallan ke nan: babu tsakuwa. Sauran duk su jira wani tallan.

Wannan zaman ya fi kowane mataki wuya, saboda mai kaya yana ganin tunda kuɗinsa zai biya, gara a cusa komai. Ka yi masa bayani cikin ladabi: "Alhaji, mai kallo yana cin abinci, yara na surutu, waya na hannunsa. Abu ɗaya zai riƙe." Idan ya nace sai fuskarsa ta fito, ba laifi, a ba shi daƙiƙa uku a ƙarshe yana tsaye kusa da buhunansa, amma ba jawabi ba.

A nan ne kuma za ku rubuta yarjejeniya: nawa ne kuɗin aiki, a ba da rabi kafin a fara, gyara sau nawa ya halatta bayan an gama, kuma wa zai biya kuɗin sakawa a tasha. Kuɗin haɗa talla daban, kuɗin watsa shi daban. Da yawan masu kaya ba su san haka ba sai an zo ƙarshe rigima ta tashi.

2. Rubutu

Raba takarda gida biyu daga sama zuwa ƙasa. Hagu abin da ido zai gani, dama abin da kunne zai ji. A gefe ka rubuta daƙiƙoƙi. Ga yadda namu zai kasance:

Daƙiƙa 0 zuwa 5: maigida ya kai lomar shinkafa baki, ya tauna, ya dafe kunci. Ba magana, sai ƙarar tsakuwa a haƙori.

Daƙiƙa 5 zuwa 11: uwargida a tsakar gida da faifai tana tsinta, ta gaji. Murya: "Har yaushe za a yi ta tsintar tsakuwa?"

Daƙiƙa 11 zuwa 22: an buɗe buhu, hannu ya ɗebo shinkafa tana zuba ta tsakanin yatsu, sai tukunya, sai tururi. Murya ta faɗi sunan shinkafar, ta ce an tace ta da inji, a wanke a zuba kawai.

Daƙiƙa 22 zuwa 30: iyali na ci hankali kwance, sai buhu ya cika allo da suna da lambar waya. Murya ta maimaita sunan.

Ka karanta rubutun da ƙarfi, da agogo a hannu, da irin gudun da mutum ke magana da maƙwabcinsa. Hausar da za ta shiga daƙiƙa talatin ba tare da haki ba ba ta cika wuce kalma hamsin zuwa sittin ba, kuma idan akwai wurin da hoto ke magana shi kaɗai, ƙasa da haka. In ya yi yawa, a rage kalmomi. Kada a ce wa mai murya ya ƙara sauri. Sunan kaya ya fito a baki aƙalla sau biyu. Idan kamfani ne ya kawo maka rubutu da Turanci, kada ka bi shi kalma da kalma. Ka fahimci abin da ake nufi, ka rufe takardar, ka faɗe shi yadda za ka faɗa wa yayarka.

3. Sanin doka kafin a kashe kuɗi

A Najeriya hukumar ARCON ce ke kula da harkar talla, ita ce ta maye gurbin APCON a 2022. Doka ta ce kowane talla sai kwamitinta na tantancewa ya duba shi ya amince kafin a nuna wa jama'a, kuma ana shigar da takardun ne ta hannun wanda ke da rajista da hukumar. Idan ba ka da rajista, ka haɗa kai da kamfanin talla mai rajista, ko ka tambayi sashen kasuwanci na tashar da za ka kai wa yadda suke bi. Tun daga 1 ga Oktoba 2022 kuma hukumar ta hana sa 'yan ƙasar waje su fito ko su ɗora murya a tallan da aka yi don 'yan Najeriya.

Idan kayan abinci ne da aka ƙunsa, ko magani, ko man shafawa, akwai NAFDAC: kayan su kasance da lambar rajista, tallan ma sai ta amince da shi. Masu maganin gargajiya su ne suka fi jawo matsala a nan, don suna son a ce magani ɗaya yana warkar da cuta ashirin. Kada ka rubuta abin da ba za a iya tabbatarwa ba, kuma kada ka kushe kayan wani da suna. Ita kuma tashar tana ƙarƙashin dokokin hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, wadda aka kafa a 1992, don haka tana da ikon ƙin karɓar abin da zai jawo mata matsala da hukumar.

Duk wanda fuskarsa za ta fito ya sa hannu a takardar amincewa, yaro kuma mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Kiɗa ma yana da mai shi. Kada ka ɗauko waƙar wani ka shimfiɗa a ƙarƙashin talla; ka biya mai kiɗa a situdiyo ya yi maka naka.

4. Jerin ɗauka da duba wuri

Daga rubutun ka fitar da jerin duk hoton da za ka ɗauka, kowanne da lambarsa da girmansa. Girma uku ne ginshiƙi: ɗaukar nesa mai nuna wuri gaba ɗaya, ɗaukar tsakiya daga ƙugu zuwa kai, da ɗaukar kusa mai cika allo da fuska ko hannu ko kaya. Talla ya fi rayuwa da ɗaukar kusa. Talla na daƙiƙa talatin yakan ci hoto goma zuwa goma sha biyar. Ka zana kowanne a ɗan akwati ko da zanen 'yan makaranta ne, domin mai kyamara ya ga abin da ke ranka.

Sannan ka je lokeshan kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, a daidai lokacin da za ku yi aikin. Ka ga ta ina rana ke faɗowa. Ka tsaya shiru na minti biyu ka saurara: injin niƙa a maƙwabta, janareta, 'yan adaidaita sahu, makarantar allo, awaki. Ka lissafa lokutan kiran salla ka tsara hutunku a kansu. Ka gaida mai unguwa idan a waje za ku ɗauka, in ba haka ba yara da 'yan kallo za su hana ku sakat.

Batun tufafi a yanke shi tun yanzu. Farar shadda mai ƙyalli tana ƙona hoto: in ka saita haske don rigar, fuska ta yi duhu, in ka saita don fuska, rigar ta zama farin fili. Yadi mai ƙananan ratsi-ratsi kuma yana rawa a allo. A zaɓi launi mai sanyi, shuɗi-shuɗi ko ruwan ƙasa ko ruwan toka. Haka shinkafar, kada a zuba ta a farin faranti; a samo akushi ko tire mai duhu don ƙwayar ta fito.

5. Saita kyamara

Hoton bidiyo jerin hotuna ne marasa motsi da ke wucewa da sauri, kowane guda ana ce masa firem. Tsarin talabijin na Najeriya firem 25 ne a daƙiƙa, saboda wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Amurka tasu 60 ce, shi ya sa suke kan firem 30, kuma yawancin wayoyi da haka suke zuwa. In ka ɗauka a kan 30 a ƙarƙashin fitilar ɗaki, za ka ga hoto yana ƙyaftawa ko wasu layuka na hawa da sauka. Saboda haka ka sa firem 25, saurin shata kuma, wato tsawon lokacin da kyamara ke shan haske a kowane firem, 1/50 na daƙiƙa. Waya a kwance za ka riƙe ta, ba a tsaye ba, domin allon talabijin faɗinsa 16 ne tsayinsa 9.

Kashe duk wani saiti da kyamara ke yi da kanta. Ka sa farar takarda a inda mai magana zai tsaya, a cikin hasken da za a yi aiki da shi, ka sa kyamara ta daidaita fari a kanta. Duk lokacin da kuka sauya wuri ko haske ya sauya, a maimaita. In ba haka ba, shinkafar da ta fito fara a hoto na uku za ta fito ruwan ɗorawa a na huɗu. Fokas kuma, wato inda hoto zai fito tangaran, a kan ido ake sa shi: ka jawo hoton kusa, ka daidaita, ka mayar.

6. Haske

Babbar fitila tana tsayawa gefe ɗaya na kyamara, sama da kai kaɗan, tana kallon fuska a karkace. Ta biyu, mai rauni, tana ɗaya gefen don rage inuwar da ta farko ta jefa. Faifan mayar da haske yana iya maye gurbinta. Ta uku tana baya, sama, tana zuba haske a kafaɗa da gefen kai. Wannan ta bayan ita ce ke raba mutum da bango, kuma tana da muhimmanci ƙwarai idan mace ce da hijabi mai duhu.

Fatarmu tana son haske mai laushi mai faɗi. Fitila tsirara tana sa goshi da hanci su yi ta ƙyalli, don haka a rataya farin yadi marar kauri a gabanta, a kuma riƙa shafa hoda ana goge gumi. Kada a haɗa hasken taga da ƙwan ɗaki mai launin ja-ja. Hasken rana yana wajen 5600 a ma'aunin Kelvin, irin wancan ƙwan kuma wajen 3200, kyamara ba ta iya gamsar da su biyun. A kashe ɗaya.

Idan babu fitila sam, a yi aiki da rana: da hantsi kafin ta take, ko bayan la'asar. Tsakar rana tana zura inuwa a ramin ido. In dole ne, a shiga inuwar bishiya ko rumfa, a mayar da haske fuska da farin kwali.

7. Sauti

Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba ya haƙuri da maganar da ba ya ji. Makirufo ya matso kusa da baki, kamar tazarar taƙi ɗaya na hannu idan na maƙalawa ne. In za a ɓoye shi a ƙarƙashin hijabi ko babbar riga, a manne shi da filasta yadda yadi ba zai riƙa gogarsa ba, kuma mace ce za ta maƙala wa mace. Na sanda kuma daga sama yake zuwa, yana kallon baki, dab da inda hoto ya ƙare.

A sa ma'aunin sauti a kan 48 kHz. Ka sa mai magana ya yi gwaji da ainihin ƙarfin muryar da zai yi amfani da ita, ka daidaita har alamar ƙarfin sauti tana kaiwa wajen -12, ba ta taɓa 0 ba. Sautin da ya kai 0 ya fashe, kuma babu manhajar da ke ɗinke shi yadda yake. A kashe fanka da firiji, a kai janareta nesa da doguwar waya, a sa wayoyi a yanayin jirgi. Kafin ku tashi daga kowane wuri, kowa ya yi tsit a ɗauki rabin minti na shirun wurin. Edita zai yi amfani da shi ya cike giɓin da ke tsakanin maganganu.

Muryar da za a ɗora daga baya a situdiyo ake ɗaukarta. In babu hali, a shiga ɗaki mai katifa da labule da kaya a rataye, ko cikin mota a rufe gilasai a wuri marar hayaniya. Ɗaki fayau mai tayil yana amsa kuwwa.

8. Ranar ɗauka

Ba a bin jerin labari, ana bin jerin wuri da haske: duk abin da ke tsakar gida a gama shi kafin a shiga ɗaki. Kafin kowace ɗauka a faɗi lambarta a gaban kyamara, a tafa hannu sau ɗaya. Wannan tafin ne zai haɗa hoto da sauti idan na'urori biyu suka ɗauka. A bar kyamara ta yi daƙiƙa uku tana aiki kafin darakta ya ce akshan, haka kuma bayan an gama kafin ya ce kat.

Idan mutum biyu na fuskantar juna, ka ƙaddara akwai layi tsakaninsu, kyamara ta zauna a gefe ɗaya na layin har a gama. Da ka tsallaka, a allo za a ga kamar dukansu gefe guda suke kallo. A samu kuma mai lura da kwantiniti, yana ɗaukar hoto da waya: hular tana karkace ta wane gefe, cokali na wane hannu, shinkafar ta kai ina a faranti. Ci da hannun dama ne, kada a manta, haka miƙa kaya.

Hoton kayan shi kaɗai, wanda zai rufe tallan, a ba shi lokacinsa. A zaɓi buhu mafi tsabta, a cika shi ya tsaya sosai, a juya sunan ya kalli kyamara. A ɗauki ƙarin ƙananan hotuna ko ba sa cikin jeri: tururi, hannu, murmushin yaro. Su ne ke ceton edita. Kafin a sallami kowa, a kalli abin da aka ɗauka, a saurare shi, sannan a kwafe shi wuri biyu.

9. Tacewa

Buɗe aikin a kan 1920 da 1080, firem 25. Fara shimfiɗa murya, sannan ka jera hotuna a kanta, sannan kiɗa. Kiɗa ya sauka ƙasa sosai duk inda ake magana. Yanka kai tsaye daga hoto zuwa hoto ya fi duk wani juye-juye da walƙiya da manhaja ke tayawa.

Rubutun allo ya nisanci gefuna da kamar kashi goma cikin ɗari, don wasu akwatunan talabijin suna cinye gefe, tasha kuma tana da tambarinta a kusurwa, wani lokaci da rubutu mai gudu a ƙasa. Lambar waya guda ɗaya tak, manya-manya, a raba lambobin goma sha ɗayan gida uku, ta zauna aƙalla daƙiƙa biyar. Ka duba haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, domin ba kowane salon rubutu ke da su ba. Wani sai ya bar akwati a gurbinsu. Noto Sans yana da su.

Tsawon tallan ya zama daƙiƙa 30 cif, wato firem 750. In ya ɗara ko da kaɗan, tasha na iya datse ƙarshensa, kuma a ƙarshen ne lambar waya take. Ka gwada shi a ƙaramin talabijin da lasifikar waya, ka kuma nuna wa wanda bai san aikin ba sau ɗaya, ka tambaye shi me ake sayarwa, me ya bambanta shi. In ya yi jim, koma kan teburin tacewa.

10. Kai wa tasha

Kafin ka fitar da fayil, kira sashen injiniyoyi ko na shirye-shirye ka tambayi irin wanda suke karɓa. MP4 mai tsarin H.264 yana shiga wurare da yawa, amma tashoshin tauraron ɗan'adam sukan ba da takardar sharuɗɗansu, har da ƙarfin sauti; in sun ce -23 LUFS, manhajar tacewa tana da ma'aunin da za ka duba. Kai fayil a filash ko ta hanyar da ba ta matse shi. Kada ka tura ta WhatsApp a matsayin bidiyo, yana rage ingancinsa.

A sashen kasuwanci za a ba ka takardar farashi. Kowace fitowa ɗaya ana ce mata sifot, kuma kuɗinta ya danganta da lokaci: daga bayan magariba zuwa wajen ƙarfe goma, da kusa da labarai ko wasan kwaikwayon da ake rububi, ya fi tsada. Zaɓin tasha ya bi inda masu saye suke. Mai shinkafar da Kano da kewaye kawai yake kaiwa, ARTV ko NTA Kano sun ishe shi. Wanda ke da dillalai a jihohi da dama shi ne zai amfana da irin Arewa24. Idan kuɗi kaɗan ne, gara a tara fitowar a mako biyu a lokaci guda kullum da a warwatsa ta cikin wata uku. Ana neman ragi idan fitowar na da yawa, kuma ka tambaya ko harajin VAT yana cikin farashin da aka faɗa.

Ka karɓi jadawalin ranaku da lokutan a rubuce, ka ba mai kaya kwafi, ka sa wani ya riƙa kallo yana yin alama. Idan an ɗauke wuta a tasha ko wani shiri kai tsaye ya cinye lokacinku, kuna da haƙƙin a rama muku. Bayan an kammala, ka nemi takardar shaidar watsawa, wadda ke nuna ranar da lokacin da kowane sifot ya fita. Da ita za ka rufe lissafi da mai kaya ka karɓi cikon kuɗinka.